Waƙar Dakan Inna

Shafi na 14

Masu cika mini waya da saƙo wai na tsallake abin da ya faru a filin wasa, ku sarara mini haka nan. Ban tsallake ba, ajiye shi na yi sai an zo gaban manya. To ga shi an zo.

*

Ko takalmi Harira ba ta gama cirewa ba ta jiyo muryar Alhaji Nasiru daga ɗakin Inna, ta cika gidan kamar ana rabon faɗa a tasha.

Tun daga Abakpa har Rigasa, a cikin keke, 'yarta Atika ba ta ɗago kai ba. Duk sun san dalilin kiran. Bidiyon wasan Sallah ya gama zaga wayoyin dangi, har waɗanda rabon da su yi zumunci tun rasuwar Malam Dauda sun bugo suna jajantawa.

Malam Dauda shi ne mijin Harira, mahaifin Atika. Tun da ƙasa ta rufe masa ido, ƙaninsa Alhaji Nasiru, mai shagon kayan gini, ya zama mai faɗa a ji a gidan. Yana hakimce a kujera, waya a hannu, ƙafa sai rawa take. Inna kuwa, tsohuwar da ta haife su, tana gefe a kan darduma tana jan carbi kamar ba a ɗakinta ake yi ba.

Suka durƙusa suka gaida Inna, ta amsa. Suka gaida Alhaji, ya amsa da hanci.

Bai tsaya kwana-kwana ba. Ya ce an zubar masa da mutunci a kasuwa, an nuna masa 'yar wansa a kan dandamali tana rera waƙa a gaban ƙartin gari. Ya ce ya yanke hukunci: yau ɗin nan Atika za ta kwashe kayanta ta dawo gidansa, a ƙarƙashin idonsa. Waya zai karɓe. Sitidiyon nan na Kawo kuwa, in ƙafarta ta sake taka shi, to ta nemi wani uban.

Sannan ya juyo kan Harira.

"Ita yarinya ce, a ce ƙuruciya. Ke fa? Da girmanki, da furfurarki, ga ki nan a bidiyo kina rangaɗa guɗa a tsakiyar 'yan iska. Me ya kai ki, Harira? Ki faɗa mini abin da ya kai ki."

Harira ta dubi tabarma. Amsar ce ta yi yawa, ta rasa ta inda za ta kamo ta.

*

Ita dai a rayuwarta ba ta taɓa zuwa wurin wasa ba. Kiɗan da ta sani bai wuce na rediyo ba, sai ƙwaryar 'yan amada in ana biki a unguwa, shi ma daga bakin murhu take jiyo shi, don kullum ita ce a kan tukunya. Da Atika ta fara zuwa sitidiyo bayan ta taso daga makarantar da take koyarwa, da ƙyar Harira ta yarda, shi ma da sharaɗin murya kawai, ban da fuska.

Ranar da Atika ta zo tana murza yatsu ta ce an ba ta fili a wasan Sallah, za ta hau kafin babban mawaƙin da aka ɗauko daga Kano, Harira ta ce a'a. Da ta ga yarinyar ta daina cin abinci, sai ta ce ta je, amma ita ba ta sani ba, ba ta ji ba, kuma kada a saka ran ganin ƙeyarta.

Asabe ce ta ɓata wannan shiri.

Asabe, Maman Gloria, maƙwabciyarsu ce ta ɗaki da ɗaki, malamar asibiti da ta yi ritaya, kuma ita ke ba da waƙa a zumuntar matan cocinsu. Ta shigo bayan azahar a ranar wasan, ta ci ado da atamfa, ta tarar da Harira tana tsince shinkafar da babu tsakuwa ko ɗaya a cikinta.

"Maman Atika, tashi ki shirya."

Harira ta ce ba inda za ta.

"Yarinya marainiya za ta tsaya gaban jama'ar Kaduna, ta duba gabas ta duba yamma ba ta ga nata ko ɗaya ba? In ke kina jin kunya, ni ba na ji. Amma ba ni na haife ta ba."

Maganar ta zauna wa Harira a ƙirji. Ta tashi ta zura hijabinta mafi duhu, ta lalubo takunkumin fuska da ya rage tun zamanin korona ta ɗaura, wai don kada wani ya gane ta. Asabe ta yi dariya har da riƙe bango.

Har gobe in Harira ta rufe ido tana ganin wurin nan. Layin shiga kamar na zaɓe. 'Yan mata masu binciken jaka. Hayaƙin tsire, masu tallan ruwan sanyi, samari kowa ya ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. Ga lasifikoki an jibge su gefe da gefen dandamali, baƙaƙe, tsayinsu ya fi katangar gidansu. Suna shiga aka saki wani kiɗa, ta ji dum! a cikin ƙirjinta, ba a kunne ba. Ta damƙe hannun Asabe ta ce a fitar da ita, zuciyarta ce ta buga. Asabe ta taɓa mata jijiyar hannu ta ce lafiyarta lau, ganga ce.

Suka samu kujerun roba can baya, a ɓangaren mata.

Abin da ta lura da shi tun farko, mutanen nan ba su da haƙuri. Babban mawaƙi suka zo gani, duk ƙaramin da aka kira kafin shi sai ya sha ihu. Wani yaro mai gashi kamar an yi gobara ko baiti bai kai ba aka kore shi da ledojin ruwa. Harira ta fara karanto duk addu'ar da ta zo bakinta, har da ta shiga kasuwa.

Can sai mai gabatarwa ya ce, "Atika Dauda Abakpa!"

Sunan Malam ne ya fara dukanta. Rabon da ta ji an kira shi da ƙarfi haka tun ranar da aka yi sanarwar jana'izarsa a masallaci.

Atika ta fito cikin doguwar riga ruwan toka, mayafi ya rufe ta har gwiwa. Daga inda Harira take, 'yar mitsitsiya ta gan ta. Makaɗa suka ɗauko kiɗa, ta ɗaga makirfo, ta buɗe baki.

Sai injin wuta ya yi tari ya mutu.

Kiɗa ya ɗauke, fitilu suka mutu, makirfo ya zama sanda. Kafin ka ce kwabo fili ya kaure.

"Sauka! Sauka!"

Ledar ruwa ta faɗo gaban Atika ta fashe, ta jiƙa mata gefen riga. Wani daga cikin masu shirya wasan yana ta yafuto ta daga gefe, alamar ta sauko ta tsira da mutuncinta. Harira ta ga hannun hagun yarinyar ya kama bakin mayafi yana murzawa. Ta san wannan murzar. Tun Atika na 'yar ƙarama, in ta fara ta, kuka ne ke biyowa.

Amma ba kukan ne ya biyo ba.

Atika ta sunkuya ta ajiye makirfo a ƙasa. Ta tako har bakin dandamali. Ta fara tafi, ba tafin biki ba, wani mai nauyi, ɗaya bayan ɗaya, kamar saukar taɓarya a turmi. Na gaba-gaba suka yi shiru don su ji me mahaukaciyar za ta yi. Shirun ya dinga cin layi yana matsowa baya, har ya iso wurin su Harira, tare da muryar.

*Sannu turmi, sannu taɓarya,*
*Geron bana ya fi ƙarfin damtse,*
*Wadda ta daka ba ta kwana da yunwa...*

Harira ta kasa kunne.

Ba wannan ce waƙar da Atika ta yi ta maimaitawa a ɗaki ba. Wannan waƙar daka ce. A bakin Inna Harira ta tsince ta, tana amarya a gidan Rigasa, lokacin da su biyu suke raba turmi ɗaya. Da ita ta yi ta daka a Abakpa, Atika na goye a bayanta. Ba ta taɓa zaton yarinyar ta riƙe ba.

Sai dai waƙar daka ba ta mutum ɗaya ba ce. Mai bayarwa na bayarwa, mai amshi na amsawa. Atika ta kai ƙarshen baiti ta bar gurbin amshi, gurbin ya zauna wayam, don duk filin babu wanda ya san shi. Ta sake jawo baitin, ta sake barin gurbi. Wayam. Wani ya yi fito, wasu suka fara dariya.

Harira ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Ba ta san lokacin da ta fizge takunkumin ba. Ita dai ta ji wata murya ta fita daga ƙirjinta, wadda rabonta da ita tun Malam na da rai.

*Lugude, mata, lugude!*

Kawuna suka juyo. Atika ta daskare, tana laluben inda amshin ya fito. Sannan ta ba da baiti na gaba, da ƙarfi wannan karon, Harira ta amsa. A na gaba Asabe ta shigo da muryarta ta zumunta mai tsaga rufin kwano. Matan da ke kusa suka kama. Wata dattijuwa mai tallan gyaɗa ta sauke farantinta ta kama. Abin ya bazu kamar wutar daji, ɓangaren mata ya ɗauka, samarin da suka gama jifa ɗazu suka ɗauka suna buga ƙafa a ƙasa daidai da tafin, har ƙasar wurin tana amsawa. Fili guda ya zama turmi.

Ana cikin haka injin ya tashi. Makaɗan ba su koma kiɗansu na farko ba, suka bi ta a hankali, suka shige ƙarƙashin waƙar kamar da ma da ita aka shirya. Wani ya ɗauko makirfo ya miƙa mata. Da muryar Atika ta fito ta waɗannan baƙaƙen lasifikoki, Harira ta sake jin dum ɗin nan a ƙirji, amma wannan karon ba ta nemi a fitar da ita ba. Ta kama hanci ta rangaɗa guɗa.

Wata budurwa a gefenta, hawaye ya ɓata mata kwalli, ta ce, "Mama, kin san ta ne?"

Atika 'yar fari ce. Tunda aka raɗa mata suna bakin Harira bai taɓa furta shi ba. "Ke" ce, "yarinyar nan" ce, "waccan" ce. Ko a makaranta aka ba ta kyauta, Harira kawar da kai take yi, alkunya ta hana ta ko murmushi.

"'Yata ce," in ji Harira. "Atika ce. Ni na haife ta."

Budurwar ta kwarma wa na gaba, na gaba suka kwarma wa na gabansu. Aka dinga buɗe mata hanya, ana tura ta, Asabe na biye tana riƙe mata jaka, har ta tsinci kanta a gindin dandamali. Atika ta sauke ido ta gan ta. Ba ta daina waƙar ba. Hawaye na zuba, tana murmushi, tana bayarwa, uwarta na amsawa.

Da babban mawaƙin ya hau daga baya, sai da ya roƙi jama'a su bar kiran sunan Atika kafin ya samu ya fara.

*

"Magana nake miki," in ji Alhaji Nasiru.

Harira ta ɗago. Tsoron da ta taho da shi daga Abakpa ta neme shi ta rasa.

"Alhaji, bidiyon nan kallonsa ka yi, ko saurarensa ka yi?"

Ya ce shi bai da lokacin sauraren shirme. Abin da idonsa ya gani ya ishe shi.

"To a kunna a ji. In ka ji kalma ɗaya ta batsa, ni da kaina zan haɗa mata kayan."

Ya ce ba za a kunna kiɗa a ɗakin mahaifiyarsa ba, kuma Harira ta iya bakinta, ba sa'anta ba ne shi.

"Kunna, Nasiru."

Inna ce. Ba ta ko ɗago daga carbinta ba.

Ya danna wayar, ya ajiye ta a kan tabarma kamar mai ajiye garwashi. Hayaniyar fili ta cika ɗakin, sai tafin, sai muryar.

Carbin Inna ya tsaya.

Ta karkato kunnenta mai ji. Leɓɓanta suka fara motsi. Da aka zo amshi, Harira ta ji tsohuwar ta amsa can ƙasa-ƙasa, da muryar da shekaru suka cinye. Bidiyon ya ƙare ba wanda ya motsa. Sai Inna ta ɗora da wani baiti da ko Harira ba ta taɓa ji ba, na macen da mijinta ya tafi ya bar ta da 'ya'ya da turmi. A tsakiya ta tsaya, ta goge ido da bakin zane.

Ta yafuto Atika. Atika ta rarrafa ta je, Inna ta kama fuskarta da hannu biyu tana kallo kamar yau ta fara ganinta.

Sannan ta dubi ɗanta.

"Shirme ka ce?"

"Inna, ni ban san..."

"Ba ka sani ba, don kana goye. Da ubanku ya rasu, wa ya ba ni ko ƙwayar hatsi? Dakau na yi. Gida-gida a Rigasar nan, tun tana 'yan bukkoki. Hannuna ya fashe, ya warke, ya sake fashewa. In na ji zan faɗi, waƙar nan nake yi in samu ƙarfin ɗaga taɓarya. Da ita aka yi tuwon da ka ci ka zama Alhaji."

Alhaji ya cire hula ya mayar. Ya ce shi ba waƙar yake ƙi ba, fitar 'ya mace gaban maza yake ƙi, kuma amanar ɗan'uwansa ce a wuyansa.

Inna ta ce amana gaskiya ce, ba ta hana shi riƙo ba. Amma ta ga yarinya a rufe ruf, ta ga uwarta a gabanta, ba ta ga abin kunya ba. Ta ce Atika ba inda za ta koma, tana ɗakin uwarta. Waƙa kuma ta yi, muddin za ta tsare mutuncinta da bakinta, kuma duk inda za ta hau, uwarta na gindin wurin.

"In Harira ta gaji, a zo a ɗauke ni a keke. Akwai sauran baitoci a cikina, ba na so in tafi da su kabari."

Atika ta kifa kai a cinyar kakarta tana kuka. Harira ta ji wani sanyi ya sauko mata tun daga tsakar ka har tafin ƙafa. Shekara da shekaru tana shigowa ɗakin nan da sunkuyayyen kai, tana fita da "to". Yau ta gyara zama, ta miƙe ƙafa.

Alhaji ya miƙe yana kakkaɓe riga. An kayar da shi, amma bai iya fita ba tare da ya bar ko kalma ɗaya a sama ba. Ya ce shi ke nan, tunda Inna ta faɗa. Kowa dai da irin tarbiyyar gidansa. Shi alhamdu lillahi, ɗansa Sharhabil yana jami'a a Zariya yana karatun injiniya, ko Sallar nan bai zo gida ba saboda jarrabawa. Yaron da ko rediyo aka kunna tashi yake ya bar wurin.

Harira ta ga kukan Atika ya tsaya cak.

Inna ta ce a miƙo mata tabaraunta, a sake kunna mata abin, ɗazu da kunne ta gani, yanzu tana so ta ga jikarta da ido. Harira ta ɗauko wayar ta riƙe mata. Tsohuwa ta matso da fuska har hancinta na neman taɓa gilashi, tana gyaɗa kai, tana murmushi.

Can murmushin ya tsaya. Ta ɗora yatsa a kan wayar, ba a kan Atika ba, a bayanta, inda makaɗa suke.

"Tsayar mini nan."

Harira ta tsayar. Ita kanta a ranar ba ta kalli makaɗan ba, idonta bai bar kan 'yarta ba. Yanzu ta duba. Wani dogon saurayi ne a bayan fiyano, ya ja hular hana-sallah ya rufe rabin fuska, ya duƙa yana kiɗa kamar ransa a ciki yake.

"Nasiru, zo ka gani," in ji Inna. "Idona ya tsufa, amma kunnuwan nan na gidan nan ne."

Alhaji ya dawo daga bakin ƙofa. Ya karɓi wayar, ya buɗa hoton da yatsu biyu. Ya ƙara buɗawa. Ƙafarsa da ke rawa tun ɗazu ta tsaya.

"Atika." Muryarsa ta sauka ƙasa. "Wane ne wannan?"

Atika ba ta ɗago ba.

"Tambayarki nake. Wane ne wannan?"

Aka yi sallama a tsakar gida. Labulen ɗakin ya ɗaga. Dogon saurayi ya sunkuyo ya shigo, da wata doguwar baƙar jakar fiyano rataye a kafaɗarsa, hular a hannu. Sharhabil ne, ya durƙusa a gaban mahaifinsa.

"Ba sai ta amsa ba, Baba. Ni na kai ta sitidiyon."